Repair, Renew ko Renovate? Jagorar Zaɓen Kalmar "Gyara" da Turanci ga Mazauna Saudiyya

Kawuna haifaffen Makka ne. Larabci da Hausa duk a bakinsa suke, amma Turanci sai dai gaisuwa. Bara da zai aurar da ɗansa, ya ce a gyara sashen sama na gidansa da ke Jidda domin amarya ta tare a ciki. Mai aikin da aka samo Ba'indiye ne, Larabcinsa na cin kasuwa ne kawai, don haka ya ce a rubuto masa abin da ake so ta WhatsApp da Turanci, kada a yi musu daga baya. Jikan Kawu ya karɓi waya ya rubuta: repair kitchen and bathroom. Washegari mutumin ya zo da yaransa biyu, suka canja kan famfo, suka toshe inda ruwa ke yoyo, suka ɓamɓare tayil uku da suka tsage suka sa wasu. Kafin la'asar sun wanke hannu, ya miƙo takardar kuɗi. Kawu ya hau ya duba, ya sauko rai a ɓace, ya kira ni.

"Ɗana, ni fa gyara na ce a yi. Wannan tsohon tayil ɗin amarya za ta taka?"

Na ce, "Kawu, a yi haƙuri, ai gyaran aka yi. Abin da aka rubuta masa ke nan."

Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Mu da kalma ɗaya, gyara, muke ɗinke riga, mu tada mota, mu sasanta ma'aurata, mu yi wa yaro gyaran karatu, har mai awo ya ƙara maka gyara a kan mudu. Bature bai yarda da wannan ba. Shi sai ya ji abin da ya sami kayan, da kuma matsayin da kake so a kai su, kafin ya ba aikin suna. Kalmar da Kawu yake nema ita ce renovate, kuma tsakaninta da repair akwai dubban riyal. Ga yadda nake bi idan aka kawo mini irin wannan, ko takardar kwangila ce, ko allon Absher (manhajar hidimomin gwamnatin Saudiyya), ko tallan waya a intanet.

Mataki na ɗaya: raba kalmar gida biyu

Kusan duk kalmomin nan suna farawa da re, wanda ke nufin a sake, ko a mayar. Rufe shi da yatsa ka dubi abin da ya rage, yawanci ma'anar tana nan a zaune.

A renew, saura new, wato sabo. A renovate, saura tushen kalmar Latin novus, shi ma sabo ne. Ka ga kakansu ɗaya, amma kamar 'yan'uwan da aka raba wa gado, kowa da gonar da yake nomawa: renew ta tafi wajen takardu da wa'adi, renovate ta tare a gine-gine. Repair daga Latin parare ta fito, wato shirya abu, ma'ana a sake shirya shi ya koma bakin aiki. Refurbish tana ɗauke da wata tsohuwar kalmar Faransanci ta goge abu har ya yi ƙyalli, shi ya sa har yau akwai ƙamshin kwaskwarima a jikinta. Restore kuwa maido da abu ne yadda yake a da, kuma tushensu ɗaya da restaurant, wurin da abinci ke maido wa mutum ƙarfinsa.

Sai dai kada ka ɗauka duk kalmar da ta fara da waɗannan haruffa biyu haka take. Read da ready ba su cikin dangin.

Mataki na biyu: takarda ce ko kaya?

Wannan ita ce tambayar da ta fi saurin raba gardama. Idan abin da ke hannunka yana da ranar ƙarewa, to renew kake nema, wato sabuntawa, abin da muke cewa tajdid da Larabci. Igama (katin izinin zama), fasfo, lasin tuƙi, istimarar mota (takardar rajistarta), inshora, yarjejeniyar haya ta Ejar (shafin gwamnati na rajistar haya), kunshin data na waya, duk renew ake yi musu. Babu abin da ya lalace a jikinsu, lokaci ne ya cinye su. Sunan aikin renewal, ranar ƙarewa expiry date, takardar da ta mutu expired, wadda ke da rai valid.

Amma renew tana da maƙwabta huɗu da mutane ke yawan rikita ta da su, musamman waɗanda suka mayar da Absher zuwa Turanci saboda Larabcin ofis yana ba su wuya.

Issue shi ne isdar, fitar da takarda karon farko. Wanda bai taɓa mallakar lasin ba, ba renew zai nema ba.

Extend shi ne tamdid, ƙara wa'adi a kan wanda ake ciki ba tare da an buɗe sabon zagaye ba. Wanda ya tafi gida da bizar fita da dawowa, uzuri ya riƙe shi a Kano ko Damagaram, abin da zai roƙi kafilinsa, wato wanda yake zaune a ƙarƙashin sunansa, shi ne extend. Bizar ziyara ma haka. In ka ce renew za a iya gane ka, amma kalmar da za ka gani a allo extend ce, kuma in ba ka san ta ba sai ka wuce ta kana nema.

Replace shi ne sauya wadda ta ɓata ko ta lalace da wata, abin da Larabawa ke kira badal fakid da badal talif. Katinka yana da sauran wa'adi, amma ya faɗi a mota ko injin wanki ya tauna shi. Wannan replacement ne, kuma ranar ƙarewarsa ba ta motsawa don an buga maka sabon kati.

Update shi ne tahdis, gyaran bayani: ka canja lambar waya, ka koma sabon gida, ka karɓi sabon fasfo ana so a shigar da lambarsa. Banki in ya turo maka saƙo ya ce update your information, ba kuɗi yake nema ba, bayananka yake so su zama na yanzu. Sai dai a nan a yi hattara, domin da wannan jimlar ce 'yan damfara suka fi yin farauta. Duk wanda ya kira ka da sunan update yana neman lambar sirrin da ta shigo wayarka, kashe wayar.

Akwai kuma wata 'yar kalma da ke cin kuɗin mutane a ɓoye: auto-renew, sabuntawa da kanta. Ka sayi data ta wata guda ko ka shiga wata manhaja ta gwaji, ka manta, wata na cika a zare kuɗin wani watan. Idan ba ka so, nemi inda aka rubuta cancel ko turn off auto-renewal tun ranar da ka saya.

Mota tana koya wa mutum bambancin nan a rana ɗaya. Istimara renew ake yi mata, amma sai da inshora mai rai da takardar fahas, wato gwajin lafiyar mota. In motar ta faɗi a fahas saboda birki ko hayaƙi, sai ka kai ta a yi repair, ka dawo a sake dubawa, sannan ka yi renew. Kalmomi biyu, aiki biyu, aljihu ɗaya.

Ban da takardu ma renew tana da rayuwa. Ana renew ɗin alkawari, ko zumunci, ko ƙoƙari, wato a jaddada shi. Kalmarmu ta jaddada da tajdid ɗin Larabawa ai tushensu ɗaya, shi ya sa muke ce wa Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo Mujaddadi, kuma masu rubutu da Turanci kan fassara laƙabin da renewer ko reviver.

Mataki na uku: in kaya ne, lalacewa suka yi ko tsufa?

Abin da ya lalace, ya daina aiki, ya fashe ko yake yoyo, repair ake yi masa. Shi ne taslih. Repair tana da iyaka mai kaifi: inda ya ɓaci kawai ake taɓawa, a mayar da shi yana aiki, a tsaya. Ba ta yi maka alkawarin kyau ba, ba ta yi maka alkawarin sabunta ba. Wannan iyakar ce ta kama Kawu. (Kunne kuma ya kiyaye: taslih gyara ne, tashlih kuwa makabartar motoci ce inda ake kwance su a sayar da sassa. Harafi ɗaya ya raba asibiti da maƙabarta.)

Fix ita ce repair ta bakin titi. Da ita za ka yi magana da mai gyaran AC ko bakanike, kuma ita ce ta fi kusa da gyara tamu wajen faɗi, don ana fix ɗin famfo, ana fix ɗin matsala. Amma asalinta kafe abu ne ya tsaya cak, kuma wannan ma'anar ba ta mutu ba. Fix a date tsayar da rana ne. Fixed price a jikin shago ba yana nufin an gyara farashi ba, yana nufin babu ragi, kada ka ɓata yawunka.

Mend ta fi zama a bakin mutanen Ingila, kuma ta fi son tufafi, takalmi, raga, da abin da ake gyarawa da hannu. Karaya ma in tana ɗoruwa sukan ce tana mend, haka zumuncin da ya yi tsami. Patch shi ne faci ko maho, a liƙa wani abu a kan huda. In kana so tela ya rage maka jallabiya ko ya ƙara mata tsawo, ba ɗaya daga cikin waɗannan, alter ake cewa, don rigar lafiyarta ƙalau, jikinka ne bai yi daidai da ita ba.

Sai aikin da ake yi tun abu bai lalace ba. Wannan shi ne maintain, sunan aikin maintenance, wato siyana. Canja baƙin mai, wanke matatar AC kafin zafin Jidda ya kankama, duba tankin ruwa. A gida irinsa ne yaɓen da ake yi wa ginin ƙasa kafin damina: katanga ba ta faɗi ba, ana yi ne don kada ta faɗi. Na mota da na inji ana ce masa service, mu ma sabis muke cewa. Wannan kalmar tana da muhimmanci a takardar haya. Karanta sosai ka ga wa aka ɗora wa maintenance, kuma wane iri, domin abin da ke haɗa mai gida da ɗan haya faɗa bai wuce wanda zai biya kuɗin famfon da ya mutu ba.

Overhaul shi ne garambawul. A sauke inji, a warware shi, a duba kowane sashe, a canja abin da ya ci, a mayar. A sana'iyya, unguwar masu gyaran mota, taudib suke ce masa. In bakanike ya ambaci overhaul alhali kai ƙaramar ƙara ka kawo, nemi ya nuna maka dalili, in da hali kuma ka ji ta bakin wata warsha, wato wani gareji, kafin a kwance ƙusa ɗaya. Tada komaɗa da fenti, wato samkara da boya, su kuma body work ne, ba ruwansu da inji.

Kalmomi uku na allon sanarwa da ya kamata ido ya saba da su: under repair, ana kan gyara, out of order, ba ya aiki, beyond repair, ya wuce gyara, sai dai a saya wani.

Mataki na huɗu: in gini ne, wane fuska kake so ya fito da ita?

A nan kuɗi suka fi yawa, a nan kuma kalmomin suka fi cunkushewa, don Larabci kansa yakan tattara da yawansu a ƙarƙashin tarmim.

Renovate ita ce a ɗauki tsohon gini a mayar da shi kamar sabo. Ba sai wani abu ya lalace ba. A cire tsohon tayil gaba ɗaya, a sake wayoyin lantarki da bututun ruwa in sun tsufa, a sa sabbin ƙofofi, a yi fenti. Ƙashin ginin yana nan, namansa ne ake sakewa. Sunan aikin renovation, kuma otal ko shago in an rufe shi don wannan za ka ga closed for renovation.

Redecorate ta fi ta sauƙi nesa ba kusa ba: fenti, labule, takardar bango, shi ke nan. Refurbish a gini tana tsakiyarsu, a tsabtace, a yi fenti, a sake kujeru da fitilu da kafet, kwaskwarima mai nauyi amma ba a cika fasa bango ba. Masu otal suna son wannan kalmar. Remodel kuwa canja fasali ne: a rushe bangon da ke tsakanin ɗaki biyu a yi falo, a mayar da sito banɗaki, a matsar da kicin. Da zarar magana ta kai ga taɓa bango ko ginshiƙi, ka tuna akwai batun izinin baladiyya (hukumar gari) da na injiniya, ba aikin da za a ƙulla a tsaye a bakin ƙofa ba ne. Revamp kalmar 'yan jarida ce da 'yan talla, sake wa abu fuska. Asalinta daga masu gyaran takalmi ne, vamp shi ne fatar saman takalmi ta gaba, in ta mutu a sa wata.

Restore daban take da duk waɗannan, kuma ita ce na fi so mutane su riƙe. Mai renovate yana kallon yau ne, yana so gida ya yi daidai da zamani. Mai restore baya yake kallo, yana so gida ya koma kamannin ranar da aka gina shi. Wanda ke Jidda ba ya buƙatar ƙamus a kan wannan, ya shiga Balad da yamma kawai. Tsohon garin ya shiga jerin wuraren tarihi na UNESCO a 2014, kuma gidajensa da dutsen murjani na Bahar Maliya aka gina su, da tagogin katako masu sassaƙa da ake kira rawashin. Dubi Baitu Nasif, gidan da Sarki Abdul'aziz ya sauka bayan shigarsa Jidda a 1925. Da renovate aka yi wa irin waɗannan gidaje, da an ɓalle rawashin an sa tagar alminiyam da gilashi, an shafe bango da siminti. Gidan zai yi sanyi, zai yi tsabta, amma an kashe shi. Restoration shi ne a nemo kafinta da ya iya tsohuwar sassaƙa, a cire ruɓaɓɓen katako kaɗai, a yi wani irinsa sak. Haka Turaif ta Dir'iyya kusa da Riyad, wadda ta shiga jerin a 2010: ginin laka ne, kuma da laka ake maido da shi. Duk wanda ya taso a cikin Kano ko Zariya ya ga bangon nan zai ji kamar ya san maginin.

Rebuild da reconstruct sake gini ne bayan rushewa. Redevelop ta fi su girma, a share unguwa ko fili a yi wani abu dabam a wurin. Mutanenmu da suka zauna a unguwannin Gulail, Petromin da Sabil na Jidda sun ga ma'anar wannan kalmar da idonsu a rusau ɗin da aka yi tsakanin 2021 da 2022. Rehabilitate kuma za ka fi jin ta a labaran gida, a kan hanya, asibiti ko madatsar ruwa da aka bari ta lalace ake so ta koma amfani; ana kuma faɗinta a kan mutum, wanda ya yi haɗari yake koyon tafiya ko wanda ake raba shi da shaye-shaye.

In kana so ka gwada kanka, ɗauki Ɗakin Ka'aba, don tarihinsa ya ƙunshi kusan dukkan kalmomin. Abin da Kuraishawa suka yi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana da shekara 35, rebuild ne. Haka na Abdullahi ɗan Zubairu, haka wanda aka yi a 1630 zamanin Sultan Murad na huɗu bayan ambaliya ta rushe bangaye. Babban aikin 1996 zamanin Sarki Fahad kuwa tarmim ne, za ka ga an rubuta shi restoration ko renovation, don ba a rushe Ɗakin an sake shi ba. Kiswa replace ake yi mata kowace shekara, a sauke tsohuwa a ɗora sabuwa, kuma tun 2022 a daren 1 ga Muharram ake yi maimakon ranar Arfa. Faɗaɗa masallacin, irin wanda aka ƙaddamar a 2011 zamanin Sarki Abdullah, expansion ne, tausi'a. Mu duk waɗannan cewa za mu yi an yi wa Harami aiki.

Mataki na biyar: a kasuwa, karanta kalmar da ke gefen farashi

Waya mai araha a intanet kusan kullum tana da wata kalma a kusa da sunanta, da ƙananan haruffa. Refurbished na nufin an yi amfani da ita ko an dawo da ita, sannan aka duba, aka gyara, aka goge, aka sake sayarwa. Da Larabci mujaddad. Reconditioned kusan ɗaya suke, sai dai ta fi tafiya da inji, giya da manyan na'urori. Amazon kuma irin waɗannan kaya Renewed take kiransu, ka ga an aro kalmar takardu an kawo ta kasuwa don ta fi daɗin ji. Wata ƙanwata ta ga new a cikin kalmar ta ɗauka sabuwa ce dal, sai da kwali ya iso ta kira ni tana cewa, "Yaya, wannan ai ba kwalinta ba ne." Ba a cuce ta ba, an rubuta, ita ce ba ta san kalmar ba.

Used da second-hand na hannu ne, musta'amal, ba wanda ya yi alkawarin ya duba. Pre-owned shi ne dai used ɗin, an sa masa babbar riga. Open box an buɗe kwali amma ba a yi amfani da kayan sosai ba, ko ba a yi ba sam. As is na nufin yadda ka gan shi haka ka saya, in ka fita da shi babu dawowa.

Refurbished ba aibi ba ce, ni kaina kwamfutar da nake rubutu da ita irinta ce. Amma kalmar ba ta faɗa maka wanda ya yi aikin ba, kuma nan ne gizo ke saƙar. Wadda Apple ta sabunta da kanta tana zuwa da garantin shekara ɗaya, iPhone ɗin kuma da sabon batir da sabon jiki. Wadda wani shago ya buɗe a bayan kanta ya canja mata gilashi, ita ma refurbished zai kira ta. Don haka kafin ka biya, tambayi wanda ya yi aikin, kamfani ne ko mai sayarwa. Tambayi abin da aka canja, da ko sassan na asali ne, original, ko kwaikwayo. Tambayi tsawon damani, warranty, a kuma rubuta shi a fatura, wato rasit, don garantin baki iska ce. Buga *#06# ka gwada lambar da ta fito da wadda ke jikin kwali. Duba lafiyar batir, in ya gaza kashi 80 cikin ɗari ka sa kuɗin sabo a lissafinka.

Mataki na shida: kada ka danna restore da ka

A cikin waya kalmar tana da fuska biyu. Restore from backup maido da hotunanka da saƙonninka ne daga inda aka adana su, abin da kake so ke nan in ka canja waya. Restore factory settings, ko factory reset, mayar da wayar ne yadda ta fito daga kamfani, wato babu komai naka a ciki. Dukansu sun cika ma'anar restore, komawa yadda ake a da. Tambayar ita ce wace "da". Restart kashewa da kunnawa ne kawai, ba ya goge komai. In za ka bar waya a wurin mai gyara, yi backup tukuna, ka kuma gaya masa a fili: do not reset.

Mataki na bakwai: yadda ake cin moriyar ƙamus ba tare da ya yaudare ka ba

In ka nemi renovate a shafukan kalmomi masu kama da juna, za a zubo maka repair, restore, renew, refurbish, revamp, overhaul, modernize a layi ɗaya kamar duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Mu ma ai faci, garambawul da kwaskwarima duk gyara ne, amma ba wanda zai ce a yi wa taya garambawul. Jerin yana tuna maka kalmomin da ke akwai, ba ya zaɓa maka.

Abin da nake yi shi ne in buɗe ƙamus na masu koyon Turanci, in tsallake bayanin ma'ana in tafi kan misalai, in ga wane suna ke bin kalmar. Za ka tarar renew na tafiya da passport, licence, contract. Renovate da house, building, hotel. Restore da painting, power, order, health. Mend da clothes, shoes, fence. Daga nan sai in ɗora kalmar a kan abin da ke gabana in ji ko ta zauna. Renovate my iqama ba ta zauna ba. Renew my car za ta sa a tambaye ka ko istimara kake nufi ko sabuwar mota. In har yanzu ina shakka, sai in nemi Larabcinta, don mazaunin ƙasar nan kunnensa ya riga ya raba tajdid da tamdid, taslih da siyana, kuma Larabci ya fi Hausa kusa da yadda Turanci ya yanka wannan nama. Manhajar fassara daga Hausa kai tsaye ita ce ta fi haɗari a nan, tunda in ka ba ta gyara dole ta zaɓi ɗaya, kuma ba ta ga kicin ɗinka ba.

Mataki na takwas: rubuta aikin, kada ka dogara da kalma ɗaya

Ko ka dace da kalmar, renovate ɗinka da ta ɗan kwangila ba lallai su zama girma ɗaya ba. Shi ma sau da yawa Turancin ba harshen uwarsa ba ne, kowa aro ya yi. Don haka kalmar ta zama kan magana kawai, a ƙarƙashinta a jera ayyuka da ƙananan kalmomin da ba su da fuska biyu: remove, cire, replace, canja da sabo, install, kafa, paint, yi fenti, keep, bar shi yadda yake. Keep ɗin nan kada a raina ta, ita ce ke hana a ɓalle maka ƙofar da kake so. A ƙara da wanda zai sayi kaya, wato with materials ko labour only, da ranar gamawa, da wanda zai kwashe ɓaraguzai.

Saƙon da muka sake tura wa mutumin Kawu ga shi, a gajarce: Renovate kitchen and bathroom. Remove all old tiles and install new ones. Replace water pipes, sink and toilet. Paint walls and ceiling. Keep the doors and windows. Price with materials. Kawu ya sa na karanta masa layi-layi ina fassarawa, a kan ƙofofi ya tsayar da ni ya ce a ƙara cewa ta banɗaki ita a canja ta, don ruwa ya cinye gindinta. Muka ƙara except bathroom door, replace it. Sabon farashin da ya zo ya ninka na farko sau da yawa, Kawu ya yi salati, ya ce a kira mutumin a zauna a yi ciniki.